Azumin da Na Raba Takardun Gishiri da Sukari

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara, irin zafin nan da ko an kawo wuta fanka iska mai zafi take watso maka. Ranar goma ga wata ina zaune a ofis bayan azahar, wata ɗalibata mai suna Rahila ta shigo da waya a hannu. Ita da abokan karatunta suna haɗa wata manhaja da za ta taimaka wa uwa ta kula da ɗanta a gida idan gudawa ta kama shi, ta tuna mata lokacin ba da ruwa, ta nuna mata alamun da in ta gani sai asibiti. An kawo mini ne in duba ma'aunin gishiri da sukari, tunda na yi shekaru ina koyar da yadda sinadarai ke narkewa a ruwa. Ban bi ta kan rubutun ba. Hoton na tsaya a kai, ina ƙirga kwalabe da cokula da yatsa, na ƙirga na sake ƙirgawa har ta gaji da tsayuwa.

"Hajiya, bayanin yana ƙasa," in ji ta.

"Na gan shi. Wa ya duba muku hoton?"

Ta ce ai hoton ado ne kawai. Na ɗago na dube ta, kuma na san kallon bai yi mata daɗi ba, don ɗalibai sun daɗe suna cewa Dakta Falmata ba ta da sauƙi. Ba su san inda rashin sauƙin ya samo asali ba. Daga wani azumi ne shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, da wata takarda da na raba da hannuna a Fagge, da wata jaririya mai suna Zainabu.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina zaune a gidanmu. Kakanmu ne ya taso daga Borno ya yada zango a Fagge, Baba kuma ya gaji sana'arsa ta sayar da huluna a kasuwar Sabon Gari. Bazarar shekarar ban ga irinta ba kafin nan. Tun kafin a ga wata rijiyar gidanmu ta ja baya, in aka zura guga sai ya fito da laka da 'yan tsakuwa. Famfon bakin layi yakan yi tari sau biyu da safe ya yi shiru. 'Yan ga-ruwa ne suka riƙe unguwa, kuma ba mai tambayarsu inda suka ɗebo, don in ka cika tambaya za su wuce gaba. Inna ta kafa wa ruwa doka: wanda aka yi alwala da shi a tare a kwano, a wanke tukwane da shi, abin da ya rage a yayyafa a tsakar gida. Wanda ya zubar da moɗa guda a banza, ranar ya san ya yi.

Da hantsi an riga an fara jin ƙishirwa. Da azahar kuwa kwanon rufi yana ƙara shi kaɗai, sumintin tsakar gida ba ya takuwa ba takalmi. Mukan jiƙa zane mu lulluɓa, kafin ka gama juyi ya bushe. Ba abin da ake ji a layin sai kekunan teloli masu ɗinkin sallah, su ma sukan yi sanyi in rana ta take. Bayan la'asar sai gidaje su farfaɗo. Matan gida uku ne ke haɗuwa a namu, saboda turminmu ya fi girma: wata na surfe, wata na jiƙa tsamiya, wata na wanke wake. Hatsi ya yi wuya a shekarar, kunu ya tsinke, ƙosai ya ƙanƙance har Baba yana cewa sai ya sa tabarau yake ganinsa.

Cikin matan akwai Yaya Ladidi, wadda katanga ɗaya ce ta raba mu. Mijinta tela ne. 'Ya'yanta uku, ta ukun ita ce Zainabu, wata takwas, mai kumatu da son a ɗauke ta. Yaya Ladidi ba ta yi boko ba, amma ban taɓa ganin mai kiyaye abu kamarta ba, in ka nuna mata sau ɗaya ta riƙe ke nan. Ita ce ta fara kirana Dakta tun ban san zan zama ba.

"Dakta, ajiye littafin nan ki kama taɓarya, ko kimiyyar ta hana daka?"

Da ruwan nan na 'yan ga-ruwa gudawa ta shigo unguwa, ta fi kama yara. Aikin binciken da malamina ya ba ni kuwa ya zo daidai da ita. An riga an san maganin farko, ruwan gishiri da sukari, ana ta faɗa a rediyo. Abin da ba a sani ba shi ne ko abin da mata ke haɗawa a ɗaki ya yi daidai da abin da aka faɗa. Aikina shi ne in koya wa gidaje yadda ake haɗawa, in bar musu takarda mai hoto, bayan kwanaki in dawo in ɗebi kaɗan daga abin da suka haɗa, in kai ɗakin gwaje-gwaje in auna gishirin ciki. Ma'aunin a bakina yake kamar karatun sallah: ruwa cikin babbar kwalba ɗaya irin ta giya, ko kwalbar lemo biyu, gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, ƙwayar sukari biyar. Ina jin kaina a lokacin, ba zan ɓoye ba. Gani nake ni ce zan ceci Fagge.

Hoton kuwa Malam Bitrus na kai wa. Mutumin wajen Zariya ne, yana da ɗan shago a Sabon Gari cikin layin masu buga takardu. Aikinsa zanen littattafan labarai da na 'yan firamare. Bangon shagon cike yake da kuraye da zomaye da tsofaffi masu sanda, kowanne da irin fuskarsa, har za ka rantse ka san wani a cikinsu. Mutum ne mai sanyin magana. In na shigo sai ya tura kofin ruwansa bayan kwalaben tawada don kada in gani, ko da na ce masa ba komai. Kwana biyu ya yi ya zana mini uwa zaune da ɗa a cinya, a gefenta cokali, ƙwayoyin sukari biyar a jere, da babbar kwalba guda. A ƙasa na sa aka rubuta bayanin da manyan baƙaƙe.

Na kawo gida ina rawar kai, na miƙa wa Baba bayan an sha ruwa. Ya kai fitila kusa, ya daɗe yana dubawa.

"Wannan kwalbar ta mece ce?"

Na kau da kai.

"Falmata, tambayarki nake."

"Baba, ma'auni ce kawai. Ita ake amfani da ita ko'ina."

"Ko'ina ban da nan. Za ki bi gidajen mutane cikin watan azumi kina raba musu hoton kwalbar giya, a ce 'yar wa? Kuma a ina za su samo ta? Mijin wa zai tafi Sabon Gari ya dawo da ita a hannu?"

Gaskiyarsa ce, har yau ban ga laifinsa ba. Washegari na koma wajen Malam Bitrus da la'asar sakaliya, bayan na wuni a makaranta na kuma tako daga bakin titi a ƙasa. Harshena ya manne, idona yana ganin abu bibbiyu. Na gaya masa abin da Baba ya ce, ya yi dariya ya ce shi ma ya so ya yi magana. Mai injin buga takardu yana jira, yana cewa in ba a ba shi yau ba sai bayan sallah, don katunan gaisuwa sun yi masa yawa. Malam Bitrus ya ɗauki reza ya kankare babbar kwalbar, ya shafa farin fenti, ya zana kwalbar lemo a gurbinta, da 'yar marfinta da ƙyallin gilashi. Ni kuma na gyara rubutun ƙasa da kaina: ruwa kwalbar lemo biyu. Na bi shi baƙi bayan baƙi har sau uku, ba kuskure ko ɗaya. Na dubi hoton na ce ya yi kyau. Aka kai inji.

Cikin kwana uku na raba ɗari biyu, Fagge da bakin Sabon Gari. Yaya Ladidi ce ta fara karɓa, ta liƙa tata a bango da ƙullun fulawa, sama da gadonta. Da yake gidaje suna da yawa, rana kuma ba ta da tausayi, bayanin da nake yi a baki ya yi ta gajarcewa. Daga baya ma sai in miƙa takardar kawai in ce, "Ku bi abin da ke ciki."

A mako na biyu na fara karɓo ruwan a 'yan kwalabe, kowacce da lambar gida. Awon ba wuya: ka zuba ruwan a kwalbar gwaji, ka sa sinadarin da zai mai da shi rawaya, ka riƙa sakin wani ɗigo-ɗigo har ya juya ya yi ja kamar jar ƙasa. Yawan ɗigon da ya ci shi ne yawan gishirin. Na farko ya ci ninki biyu na abin da nake tsammani. Na biyu ma haka. Na bakwai, na goma sha biyu, duk haka. Na ce sinadarina ne ya lalace, na zubar na haɗa sabo. Na ce ma'aunin ɗakin ne, na je na ari na wani sashe. Da duk suka ƙi, sai na samu waɗanda zan ɗora wa: matan. Na rubuta a littafina, da kyakkyawan rubutu, cewa mata suna cika cokali ya yi tozo. Kwana biyar na ɓata a haka. An ce ruwa ba ya tsami banza, na sani, amma ban taɓa kawowa a raina cewa tsamin daga wajena yake ba.

Cikin kwanakin nan biyar Zainabu ta kwanta. Na dawo da yamma na tarar Yaya Ladidi ba ta zo daka ba, na leƙa. Yarinyar tana cinyarta, idanun sun faɗa, maɗigarta ta lotsa.

"Tun jiya nake ba ta," in ji ta, tana nuna bango da haɓa. "Tana sha kuwa, kamar ta haɗiye cokalin. Amma sai ƙara neman ruwa take."

"Ci gaba da ba ta, Yaya. Kaɗan-kaɗan, kada ki fasa. Ki bi takardar."

Ni na faɗi haka. Takardar tana saman kaina, ban ɗaga ido na dube ta ba. Kwana biyu bayan nan, da hantsi, yarinyar ta fara sanƙarewa tana fizge-fizge. Mijin ya bar keken ɗinkinsa ya tari tasi. Kafin la'asar sun dawo da ita a naɗe cikin zanen goyonta. A asibiti ba a ce musu komai ba illa an kawo ta a makare, yara da yawa ake kawowa a hakan. Ranar ba a yi daka a gidanmu ba, da ruwa da dabino muka buɗe baki.

Kwana uku da rasuwar, ina zaune a tsakar gida bayan la'asar da littafina, ina ta mita ni kaɗai a kan mata da cokulansu. Inna tana tace kunu. Ita ma ba ta yi boko ba.

"Ke dai kin cika ɗora wa mutane laifi," in ji ta. "Kowa a shafe yake sawa, ni na gani. Cokali ɗaya, sukari biyar, kwalba ɗaya."

"Biyu, Inna."

"Ɗaya dai."

"Biyu na rubuta."

"To ni ban san abin da kika rubuta ba. Abin da kika zana ɗaya ce."

Na tashi na ɗauko ragowar takardun. Ga uwa, ga ɗa, ga cokali, ga sukari biyar a jere. Ga kwalbar lemo guda ɗaya tilo, tsaye a inda babbar take a da. Rabin ruwan ke nan, gishirin kuwa yana nan yadda yake. Ni 'yar boko na karanta baƙaƙe, su kuma waɗanda aka yi takardar dominsu sun karanta hoto, kuma sun karanta shi daidai. Na zauna a ƙasa a kan sumintin nan mai zafi. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba, da kunya. Inna ta ajiye rariya ta zo ta tsaya a kaina, don ta riga ni kaiwa inda tunanina yake tafiya.

Da sassafe na isa shagon Malam Bitrus. Ya karɓi takardar ya duba, ya cire tabarau ya ajiye.

"Wurin ne ya yi kaɗan," ya ce a hankali. "Na ce a raina zan matsar da cokalin in ƙara ta biyun. Mai injin yana ta kira." Ya ɗago ya dube ni. "Akwai wanda abin ya taɓa?"

Na ce ban sani ba. Har yau amsar ke nan, kuma ita ce ta fi ci mini rai. Na tambayi likitoci da dama a shekarun da suka biyo baya, a fakaice, kamar labarin wata nake ba su. Wani ya ce gishiri in ya yi yawa yana sa jariri fizge-fizge. Wani ya ce cutar kaɗai ma tana iya yin haka. Ba wanda ya ce mini e, ba wanda ya ce a'a.

Ranar Malam Bitrus bai taɓa aikin kowa ba. Ya sake zanen tun daga farko, kwalabe biyu manya-manya a tsakiyar takarda, ya tsaya a kan mai injin har aka buga. Malamina da na gaya masa ya dafe kai, ya ce in bar komai in bi takardun. Sai dai takarda in ta bar hannunka ta zama zarar bunu. Muka shiga bin gidaje a goman ƙarshe, ni in shiga ciki, Malam Bitrus ya tsaya a ƙofar zaure da damin sababbi a hammata, rana tana dukansa, ya ƙi shan ruwa a gabana duk da ba azumi yake ba. Wata ta ce ta ba ƙanwarta da ke aure a wani gari. Wata ta ce yara sun yaga. Wata ta ce miji ya kai shago. Na tarar da guda a hannun mai ƙosai ta naɗe wa wani a ciki, mai ya jiƙa fuskar uwar. Hadari yakan taso da yamma daga gabas, ya yi baƙi, iska ta kaɗa, kowa ya fito da bokitai, sai ya watse ba ɗigo. Haka muka yi kwana shida. Ɗari da talatin da ɗaya na karɓo. Sauran ban san inda suka shiga ba, ban san bangon da suka kwana a kai ba, ban san shekara nawa suka yi ana bin su ba.

Gida ɗaya ne ban shiga ba, shi ne mafi kusa. Kullum sai in wuce ƙofar Yaya Ladidi da sauri kamar ana kirana a gaba. Na yi tunanin in aiki Inna, Inna ta ce ba ita ta raba ba. Na yi tunanin in shiga in ɓamɓare takardar in ba ta ɗakin, amma mai zaman makoki ina za ta? Ana jibi sallah Inna ta shigo ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa.

"Sani ya fara gudawa tun safe," ta ce. Sani shi ne mai bi wa babban ɗan Yaya Ladidi, shekararsa uku. "Na ji tana wanke kwalba."

Na ɗauki sabuwar takarda guda na fita, ko mayafi ban gyara ba.

Na same ta a ɗaki, yaron yana kwance a tabarma. Ta rame, amma da ta gan ni sai ta yi ɗan murmushi. A gabanta akwai kwano, da cokali, da kwalbar lemo guda cike da ruwa.

"Dakta, kin ɓuya. Ko gaisuwar ma a tsaitsaye kika yi mini."

"Yaya, kada ki ba shi wannan tukuna."

"Ai ban haɗa ba. Zauna mana." Ta jawo mini kujera 'yar tsugunne. "Ina so dama in ce miki kada ki sa komai a ranki. Kin yi iyakar ƙoƙarinki a kan Zainabu. Ni ma wallahi ban kauce ba, yadda takardarki ta nuna haka na yi, ban ƙara ba ban rage ba. Kwana ne ya ƙare."

Duk abin da na shirya a hanya, tsakanin ƙofarmu da tata, ya gudu. Sai na miƙa hannu na ɓamɓaro tsohuwar daga bango, busasshen ƙullun yana zubowa a kan gado, na miƙa mata sabuwar.

"Wannan za ki riƙa bi yanzu."

"Me ya samu waccan?"

Ta karɓi tsohuwar daga hannuna, ban hana ta ba. Ta shimfiɗa su biyun a kan tabarma, gefe da gefe, ta sa tafin hannu ta goge su. Ta ɗora yatsa a kan cokalin wannan, ta ɗora a kan na waccan. Ta ƙirga sukarin, biyar, biyar. Sannan yatsan ya zo kan kwalabe ya tsaya. Ya koma tsohuwar, ya dawo sabuwar. A waje keken mijinta yana ta ɗinkin sallah.

Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago, ba Dakta ta ce ba.

"Falmata," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "wannan biyu ce."

Na ce, "E, Yaya."

Ta dubi yaron da ke kwance, ta dubi kwalbar da ke gabanta. Sai ta dafa ƙasa ta miƙe, ta fita tsakar gida neman ta biyun.